Gani ya kori ji: hoton zuciya a gefen gadon majinyaci

Jama'a masu karatu, mun san ekografi, wato hoton nan da ake yi wa mace mai ciki a ga kwanciyar jariri. Da irin wannan na'ura ake duba zuciya. A da sai an ɗauki majinyaci an kai shi ɗakin hoto. Yanzu akwai ƙanana, wasu ma ana haɗa su da salula, likita ya kawo har gadon wanda ba ya iya tashi.

Yadda take aiki

Likita yakan shafa mai a ƙirji, ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, ya zama hoto mai motsi. Babu allura, babu ciwo, kuma ba ta cutar da mai ciki. Edler da Hertz ne suka fara gwada ta a kan zuciya, a ƙasar Suwidin, a 1953.

Alama ɗaya, cuta huɗu

A ce an kawo mutum yana haki, jikinsa ya yi sanyi, awon jininsa ya faɗi. Ido kaɗai ba ya rarrabe dalili, amma cikin mintoci kaɗan hoton yakan amsa:

1. Zuciya ta yi ƙaranci tana bugawa da sauri, babu isasshen jini cikinta. Haka take bayan zawo mai tsanani ko zubar jini. Maganin shi ne ƙarin ruwa ko ƙarin jini.

2. Zuciya ta buɗe ta saki, ba ta matsawa. Ga wannan, ƙarin ruwa barkatai yakan cika huhu. Rage ruwa yake bukata.

3. Ruwa ya taru cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta. A ƙasashenmu tarin fuka na cikin manyan masu haddasa haka. Ana zuƙe ruwan da allura.

4. Ɓangaren dama ya kumbura. Wannan yakan nuna gudan jini ya toshe hanyar huhu.

Ke nan, robar ruwan da ta ceci na farko tana iya halaka na biyu.

Abin da ya shafi masu jego

Cutar da ta fi kusa da gidajenmu ita ce ta biyu. Takan kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun ƙiyasta mace 1 cikin masu haihuwa 100, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. A 1992 Dokta Cénac da abokan aikinsa a Yamai sun tarar da ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu cutar. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai sami hujjar ɗora laifi a kan kunu da wanka ba. Ya fi nuna rama da hawan jinin ciki. Duk da haka, wadda zuciyarta ta riga ta raunana, gishiri da kanwa suna ƙara mata kumburi.

Amfaninsa ga Damargu

Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kimanin kilomita 150 ne. Wanda ya fito daga ƙauyukan Belbeji ko mashekarin makiyaya, tafiyarsa ta fi haka. Tura majinyaci kuɗi ne, kuma hanya tana cin ƙarfinsa. Idan an ga zuciya tun a asibitin gunduma, an san wanda za a riƙe a yi wa magani, da wanda dole motar asibiti ta tashi da shi yanzu. Sai dai na'ura ba ta duba kanta. Tana bukatar ma'aikacin da aka horar, da wutar caji, kuma duban gaggawa ba ya maye gurbin cikakken binciken likitan zuciya. Ya kamata kwamitocin kiwon lafiya na garuruwanmu su sa wannan cikin bukatun da suke kai wa magabata.

Abin da ya rage gare mu

Mai gida, uwar miji, ungozoma, ku lura da mai jego. Idan ba ta iya kwanciya sai a zaune, ko tari yana tashe ta da dare, ko ƙafafu da ciki sun kumbura, ko ta kasa tafiya daga ɗaki zuwa madafi ba haki, kada a ce gajiyar haihuwa ce, kada a jira arba'in. A kai ta asibiti a ranar. A faɗa wa likita ranar da ta haihu da duk abin da ta sha. Kada a kira mai allura ya sa mata ruwa a gida. Da yawa zuciyarsu takan farfaɗo idan an fara magani da wuri, amma kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya sake duba zuciyar.

Allah Ya raba mu da cuta lafiya.