Ƙarfen da ke shanye kakkarwar farfela

Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin tsohuwar Marsandi, irin wadda ake kira V-boot, mai yiwuwa ya ga wani zoben ƙarfe mai nauyi a bakin farfela, daf da giya, da baƙar roba a tsakiyarsa. Ba ya jan taya, ba ya riƙe komai. Shi ya sa ranar da aka sauke farfela a gareji, mai mota kan taɓa shi da ƙafa ya tambayi bakanike: "Oga, wannan kuwa yana da wani amfani?"

Yana da shi. Tayar da kewayenta ya kai mita 2, a gudun kilomita 120 cikin awa, tana juyawa sau 1,000 a minti guda. Farfelar da ke kai mata ƙarfi daga giya kuwa, a motoci da yawa, sai ta juya sau 3 da rabi kafin tayar ta yi juyi ɗaya. Ke nan sau 3,500 a minti, kusan 60 a kowace daƙiƙa. A irin wannan gudu 'yar karkata kaɗan ta isa ta sa kujera rawa, madubin cikin mota ya dushe.

Dabarar zoben ta tsufa. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Frahm, ya nemi rajistarta a 1909: a rataya ƙaramin nauyi a jikin abin da ke kakkarwa, a daidaita shi yadda zai riƙa motsi kishiyar motsin babban, sai su kashe juna. Ita ce dai aka yi wa dogon benen nan na Taipei 101 a Taiwan, inda aka rataye dunƙulen ƙarfe mai tan 660 don rage layin da iska ke sa ginin. Abin lura shi ne, kowane irin wannan nauyi an auna shi ne da kakkarwa guda, kamar takalmin da aka ɗinka wa ƙafa ɗaya.

A nan gardamar take, ta ko a cire irin wannan nauyi in an canza farfela, kuma ta fi zafi a Amurka, wajen masu Ford Mustang. Samfurin GT na 2005 zuwa 2014 ya zo da farfelar ƙarfe mai gaɓa biyu, da boris a tsakiya, nauyinta wajen kilo 18. Masu son gudu kan fitar da ita su sa ta alminiyon, miƙaƙƙiya guda, mai kusan rabin wannan nauyi. Tsofaffin Mustang na shekarun 1980 da 1990 kuwa suna da wani dunƙule a jikin aksul ɗin baya, wanda ake yi wa laƙabi da ƙashin kare saboda siffarsa. Hujjar masu kwance shi ita ce an auna shi da tsohuwar farfela, sabuwa kuma tata kakkarwar daban.

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Ba duk kakkarwa ce daga farfela ba. Akwai ta haƙoran aksul, akwai ta bugun inji, kuma su ba su san an yi canji ba. Miƙaƙƙiyar farfela ma da nata aibin: yawan tsawonta, saurin isarta gudun da za ta fara lanƙwasa tana bulala. Dalilin da kamfani ya raba ta biyu tun farko ke nan.

Mafi muni shi ne a cire don ɓoye wata cuta. Kuros da ya cinye, boris ɗin tsakiya da robarsa ta tsage, ko farfelar da aka mayar ba bisa shaidar da aka yi mata da alli ba, duk suna girgiza mota, kuma zoben bai ci ba bai sha ba.

Wanda ya sa sabuwar farfela, ya fara bin abin da maƙeranta suka rubuta. In sun yi shiru, ya gwada motar da ƙarfen a jiki, ya riƙe gudun da kakkarwa ke tasowa, sannan ya kwance ya sake bin hanyar a gudu ɗaya. Ya kuma ajiye shi tare da notocinsa har a yi 'yan makonni. Zoben da ke gaban inji, wanda bel ke zagayawa, ba ya cikin wannan gwaji, domin rashinsa yana iya karya kirankishaf.