Gwajin ANCA

Gwajin ANCA gwajin jini ne da ake neman wasu sinadaran garkuwar jiki waɗanda, maimakon su yaƙi ƙwayoyin cuta, suke kama fararen ƙwayoyin jinin mutum da ake kira nutrofil. Idan suka kama su sai su harzuƙa su, su kuma su ƙona bangon ƙananan jijiyoyin jini, musamman na ƙoda, huhu da hanci. Ana yin gwajin don gano cututtuka uku na kumburin jijiyoyin jini: GPA, wadda a da ake kira cutar Wegener, da MPA, da EGPA.

Tarihi

A shekarar 1982 likitoci a Ostareliya suka fara ba da rahoton sinadaran a jinin masu ciwon ƙoda. A 1985 van der Woude da abokan aikinsa suka danganta su da cutar Wegener, kuma suka ce yawansu yana tafiya da zafin cutar. A 1988 Falk da Jennette a Amurka suka gano cewa wasu daga cikinsu furotin MPO suke kamawa. Ba a jima ba aka gano na biyu, PR3.

Ire-irensa

PR3 ya fi fitowa a masu GPA, MPO kuma a masu MPA. A EGPA ƙasa da rabin majinyata ne gwajin yake nuna wani abu. PR3 ya fi yawa a arewacin Turai, MPO a Japan da Sin. Cutar mai PR3 ta fi yawan dawowa bayan ta lafa.

Bibiyar cutar

Wajen gano cutar gwajin yana da ƙarfi. Wajen bibiyarta kuwa, fatan da aka yi a 1985 bai cika ba. Akwai majinyacin da adadin ANCA ɗinsa zai hau ya yi watanni lafiya lau, akwai wanda cutar za ta taso masa adadin bai motsa ba. Wani nazari na 2012 da ya haɗa sakamakon bincike da dama ya nuna cewa hawan adadin ɗan hasashe kawai yake bayarwa. Ya fi amfani ga waɗanda cutar ta taɓa musu ƙoda, da waɗanda gwajinsu ya koma babu komai bayan maganin rituximab sannan ya sake nunawa.

A binciken MAINRITSAN2 na Faransa, wanda aka wallafa a 2018, an ba wasu majinyata rituximab a kan lokaci ƙayyadadde, wasu kuma sai ANCA ko ƙwayoyin B sun sake bayyana. Rukuni na biyu sun karɓi maganin sau kaɗan, kuma bambancin dawowar cutar bai kai na yanke hukunci ba.

Saboda haka likitoci ba sa ƙara magani don lamba ta hau kawai, domin magungunan suna raunana garkuwar jiki. Sukan matso da ranar ganin majinyaci, su duba jini da furotin a fitsari, da aikin ƙoda, da alamomi irin su haɓo, tarin jini da mutuwar yatsu.

Abin lura a Najeriya

Tarin fuka da ciwon da ƙwayoyin cuta ke sa wa murfin zuciya suna iya sa gwajin ya nuna ANCA, haka ma magungunan hydralazine na hawan jini da propylthiouracil na maƙoƙo. Wannan babban haɗari ne inda tarin fuka ya yawaita, don shi ma yana kawo tarin jini da rama, kuma maganin danne garkuwa yana ƙara masa ƙarfi. Gwajin na manyan ɗakunan gwaje-gwaje ne, don haka majinyaci daga gari kamar Babban Mutum a masarautar Daura sai an tura shi asibitin koyarwa a Katsina ko Kano. Gwajin fitsari da tsinken takarda kuwa yana da araha, kuma yakan nuna taɓuwar ƙoda kafin mutum ya ji komai a jikinsa.