Harajin Hayaƙi: Wa Zai Biya a Sharaɗa, Challawa da Bompai?

A watan Nuwamban 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Cikinta akwai umarnin cewa majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa ta haɗa kai da hukumar tara haraji ta tarayya su tsara harajin hayaƙi. Manufarsa ita ce duk mai ƙona dizal, fetur ko kwal ya biya kuɗin gurɓata iskar da yake yi, tsadar ta sa ya nemi makamashi mai tsafta. Suwidin ta fara tun 1991, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2019.

Maganar ta matso kusa da mu a 2025. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni ta ƙunshi ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da dizal. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki. Gwamnati kuma ta ce tanadin tsoho ne, yana cikin dokar hukumar gyaran tituna ta FERMA tun 2007, kuma ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya ayyana rana. A kula da wannan, domin jita-jita ta yi yawa: dokar ta cire kananzir ɗin gida, gas ɗin girki da gas ɗin mota na CNG.

To amma duk wanda ya bi ta unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano da rana tsaka ya san sautin da ke tashi bayan katangun nan. Rurin janareto ne. Mai kamfanin roba ba don marmari yake ƙona dizal ba. Idan wuta ta ɗauke injin na tsakiyar aiki, robar da ta narke sai ta daskare a ciki, a yi asarar kaya da yini guda ana ƙwaƙule ta. Majemun Challawa ma ba za su bar fata ta kwana a ganga ba juyi ba. Kuɗin wutar KEDCO ta rukunin A kuwa ya tashi daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit a Afrilun 2024, a Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne mafitar da masu masana'antu suka daɗe suna jira.

Haraji irin wannan yana aiki ne inda mutum yake da zaɓi. Inda babu, sai ya zama ƙarin farashi kawai. Mai kamfani zai ɗora shi a kan bokiti, sabulu da taliya, ko ya rage aikin dare, leburan da ake biya kullum-kullum su fara zaman gida. Bompai ta riga ta ga yadda masaƙu suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Masu goyon bayan harajin ba mahaukata ba ne. Zafi, fari da ambaliya mu suka fi ci, kuma Tarayyar Turai ta fara cajin hayaƙi a kan siminti, ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata. Sai dai Faransa ta janye ƙarin harajin mai a 2018 bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa. Kanada, wadda a da take mayar wa gidaje kuɗin ta asusunsu, ita ma ta soke nata na masu saye a Afrilun 2025.

Mun ga yadda aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kafin a tanadi sauƙi. Saboda haka idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: yaushe za a fara karɓa, wane asusu kuɗin zai shiga, kuma gas zai iso Challawa kafin ranar ko bayanta?