MATA DA MIJI BISA HANYAR GABAS

A shekarar 1924 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Delingette, ya taso daga Aljeriya da matarsa cikin mota Renault mai ƙafa shida. Suka ƙetare hamada, suka biyo ta ƙasarmu Nijar, suka ratsa gabashin Afirka, har suka isa birnin Kap na Afirka ta Kudu cikin watan Yuli na 1925. Jaridun Turai suka yi ta yabonsu. Amma tun kafin wannan mota, talakawan Adar da Gobir, irin su mutanen Urno da Madawa da Buza da Keita, suna ratsa Afirka mata da miji, da ƙafa ko bisa jaki, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Niyyarsu aikin haji.

Mai niyya ya kan jira kaka. In ya shigar da hatsi rumbu, sai ya sayar da ƴan bisashensa, ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi gida-gida, don bankwanan hanyar gabas kusan bankwanan mutuwa ne. Daga nan su bi ta Maraɗi da Katsina zuwa Kano, inda ayari ke haɗuwa. Sai Maiduguri, su ƙetare kogi zuwa Fort-Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, sannan Abeshe da Adire, bakin iyakar Cadi. Bayan nan ƙasar Sudan ce: Jinaina, Fashir, El Obeid, inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Mai kuɗi ya hau, maras kuɗi ya ci gaba da taka sayyada.

Guzurin gida ba ya kai kowa Makka. Shi ya sa tafiyar ta kan ci shekaru, shi ya sa kuma tafiya da iyali ta fi ta gwauro. Inda damina ta riske su, nan za su yada zango. Miji ya ari gona ko ya yi ƙodago, wani ya yi ɗinki, wani wanzanci, wani ya tara yara yana koya musu allo. Ita kuwa matar, ta kafa murhu bakin kasuwa tana suyar ƙosai, ta dama fura, ta yi kitso. Sau da dama ribar kaskonta ce ke ciyar da gida, abin da miji ya samu a ƙulle shi don kuɗin jirgin ruwa. In an zo ba da labarin alhazan da, sunan Alhaji a kan ambata, alhali ba don Hajiya ba da da yawa ba su wuce Wadai ba. A kan haihu bisa hanya, a kan yi jana'iza bisa hanya.

Ba ibada kaɗai ke tada mutane ba. Zuwan Nasara, da haraji, da yunwar 1913-1914, da aikin dole wanda ba a soke ba sai 1946, duk sun ƙara wa hanyar jama'a. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa gari bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Har yanzu sunan garin Mai Wurno. Kada mutanen Urno ta Madawa su ruɗe: daga Wurno ta ƙasar Sakkwato sunan ya fito.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Nan alhazai suka sami aikin tsinkar kaɗa, mata da miji cikin kunya guda. Wanda ya tara abin da ya isa ya nufi Sawakin, bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgi zuwa Jidda. Wanda bai tara ba ya ce sai baɗi. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, ƴaƴa suka girma da Larabci a baki, aka yi aure, aka gina unguwanni a Wad Madani da Gadarif da Kasala. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari. Gasasshen naman da ake sayarwa a titunan Hartum da sunan agashe, daga hannun Hausawa ya fito.

Yau maniyyaci daga Urno ya kan je Yamai, ya hau jirgin sama, ya sauka ƙasa mai tsarki ran nan. Tsohuwar hanya kuwa ta rufe. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023 ya ci Jinaina da Fashir, zangunan alhazan da, ya kuma taɓa jihar Sannar a 2024. Kafin wannan, cikin watan Yuli na 2022, rikicin ƙasar noma a jihar Shuɗin Nilu ya hallaka mutane fiye da ɗari, aka ce wa Hausawa baƙi ne. Waɗanda aka ce wa haka, kakanninsu sun fi shekara ɗari kwance a maƙabartun ƙasar.