Rumfar Reno Ma Tana Bukatar Numfashi

Manoman tumatir na Kano da Kaduna ba za su manta da shekarar 2016 ba, tana nan a ransu. A shekarar nan ce wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalin ƙwaron nan daga Kudancin Amurka yake. Ya shiga ƙasar Sifen a 2006, daga can ya yi ta yaɗuwa har ya iso mu. Uwarsa 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, tsawonta milimita 6 ko 7 kaɗai. Takan yi ƙwai a kan ganye, tsutsar kuwa ta shige cikin ganyen inda magani ba ya saurin kai mata.

Tun daga lokacin nan mutane da yawa suka soma renon irinsu a cikin rumfa, wadda aka rufe da leda a sama da raga a gefe. Wannan dabara ce mai kyau. Amma akwai abu guda da ake yawan mantawa, shi ne iska.

Wani manomi da muka ziyarta ya sayi irin tumatir mai tsada, ya kafa rumfa, ya ja leda har ƙasa ta kowane gefe, ya danne bakinta da duwatsu domin kada ƙwaro ya sami hanya. Ran kasuwa ya fita da safe, bai komo ba sai la'asar. Da ya ɗaga ledar, zafi ya buge shi kamar ya leƙa tanderu. Tsiron nan duka sun kwanta. Ba ƙwaro ko ɗaya a ciki, ba kuma abin dasawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Me ya sa tsiro yake son iska?

Dalili na farko zafi ne. Hasken rana yakan ratsa leda ya ɗumama ƙasa, iskar da ta yi zafi kuwa ba ta da mafita. A watan Maris da Afrilu zafin inuwa a Kano yakan kai digiri 40, to, ina ga cikin leda rufaffiya? Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 27. In zafi ya kai wajen 35 ya daɗe, fure yakan kaɗe bai ɗaura 'ya'ya ba.

Na biyu danshi ne. Ganye yana da 'yan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake fitar da ruwan da saiwa ta sha. In iska ba ta kwashe tururin nan ba, sai ya taru a jikin leda ya riƙa ɗiga. Fumfuna kuwa ba abin da take so kamar ɗumi da laima. Ita ce takan kama tsiro daga gindi, ya sirance, ya faɗi.

Na uku abinci ne. Da rana ganye yakan ɗebi wani ɗan kashi na iska, irin wanda mu muke fitarwa sa'ad da muka yi numfashi, ya haɗa da ruwa da haske ya yi abincinsa. Kashin nan kaɗan ne ƙwarai, wajen 4 cikin 10,000. A rumfar da take rufe ruf, tsiro yakan rage shi tun da hantsi, girma ya tsaya ko da an ba da taki da ruwa.

Ƙofar shiga a ƙasa, ƙofar fita a sama

Kowace mace da take girki a ɗaki ta san hayaƙi sama yake nema. Haka iska mai zafi take. Saboda haka rumfa tana bukatar hanya biyu: ta ƙasa inda iska mai sanyi za ta shiga, da ta can ƙololuwa inda mai zafi za ta fita. In aka haɗa faɗin tagogin duka, kada ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasan rumfar. A ƙasar zafi irin tamu gara ma gefen duka ya zama raga, leda ta tsaya a rufi kaɗai. Rumfa mai tsayi ta fi gajeriya sanyi. Kada kuma a kafa ta a jikin katanga inda iska ba ta ratsawa.

Raga ita ce matata

Kamar yadda ake tace koko, haka ake tace iskar da za ta shiga wurin tsiro. Amma ba kowace raga ba. Ragar gidan sauro ba ta isa ba, gama farin ƙuda, wanda yake kawo ciwon nan mai murɗe ganyen tumatir ya mai da shi rawaya, tsawonsa wajen milimita ɗaya ne, zai wuce abinsa. A nemi wadda ake kira mai lamba 50, watau zare 50 a jere cikin inci guda.

Ga inda wahalar take: ragar da ta tare ƙwaro ta tare rabon iska kuma. Iyakar ƙanƙantar idon raga, iyakar faɗin tagar da ake bukata. Da hunturu ƙura takan toshe idanun nan, sai a riƙa wanke ragar da ruwa da tsintsiya mai laushi. In ta yage a ɗinke ran nan. A yi wa rumfar ɗan zaure mai ƙofa biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, domin ƙwaro yakan bi bayan mai shiga.

Rumfar cikin ɗaki

A Turai da Amurka, inda sanyi yake hana noma watanni da yawa, akwai masu kafa 'yar rumfar yadi a cikin ɗaki su yi renon ganye da fitilar lantarki. Can babu iskar waje, sai fanka. Akan sa fanka mai zuƙe iska a sama, a bar hanyar shiga a ƙasa an rufe ta da raga. Lissafin ba wuya. Rumfa mai tsawo mita 2, faɗi mita 2, tsayi mita 2, tana ɗauke da iska mita 8 na murabba'in akwati. In ana so a canja iskar sau ɗaya kowane minti, ana bukatar fanka mai jan 480 a awa, watau 8 sau 60. Akan ɗaura wa fankar matata mai gawayi na musamman wanda aka gyara a masana'anta, ba irin na girki ba. Aikinsa kama wari ne, tare ƙwaro aikin raga ne. Shi ma yana rage ƙarfin fanka, don haka akan sayi wadda ta ɗan fi lissafi. Wanda zai gwada wannan a nan ya tuna da ɗauke wuta. In fanka ta tsaya, lalle a buɗe rumfar.

Yadda za ka gwada taka

Ka rataya ma'aunin zafi daidai tsayin tsiro, a inuwa, ka duba shi da azahar. In ya ɗara zafin waje da nisa, taga ta yi kaɗan. Ka kunna turaren tsinke a tsakiyar rumfa. In hayaƙin ya tashi ya nufi tagar sama, iska tana tafiya. In ya tsaya yana yawo wuri ɗaya, akwai gyara. Ka yi ban ruwa da safe domin ganye ya bushe kafin dare. Kada ka cushe tsiro. In kuwa za ka bar tumatir ya yi 'ya'ya a ciki, ka riƙa girgiza sandunansa a hankali da hantsi, gama furensa yana bukatar motsi, raga kuwa ta hana ƙudan zuma shiga.

Manomin nan da muka ambata ya sake shuka. Ya naɗe ledar gefe ya sa raga, ya buɗe taga a ƙololuwa. Bayan mako biyar ya dasa, har ya sayar wa maƙwabta ragowar. Kafin ka sayi iri mai tsada bana, ɗan'uwa, ka shiga rumfarka da tsakar rana ka tsaya minti biyar. In kai ba ka iya jurewa ba, tsironka ma ba zai iya ba.