Gunaguni da Wadar Zuci: Faɗakarwa ga Kiristan Arewa Mazaunin Legas

Agege tsohon masauki ne na mutanen Arewa a Legas. Tun farkon ƙarni na 20, da layin dogo ya ratsa garin har ya kai Kano a 1911, fatake suka riƙa saukowa neman goro, wasunsu suka kafa zango suka zauna. Yawancin masu jin Hausa a Agege Musulmi ne, amma akwai Kiristoci da dama daga Kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa da Kudancin Borno. Hausa ce ta haɗa su, domin da ita suka saba jin wa'azi tun a gida, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suke yin sujada da Hausa a Legas.

Duk wanda ya tsaya a harabar coci bayan an tashi sujada ya san irin hirar da ake yi. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, kuma na shekara guda yake so a dunƙule. Kuɗin motar danfo ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ɗan acaba yana ta ɓuya da babur tun da gwamnatin jiha ta hana sana'ar a wurare irin su Ikeja da Surulere a Yunin 2022. Daga gida kuma waya ba ta yankewa: kuɗin taki, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti. Babu ƙarya a cikin wannan duka. Abin tambaya shi ne, bakin da ya gama waƙar godiya yanzun nan, yaya ya kamata ya yi da wannan nauyi?

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin al'ummar da gunaguni ya cinye. Isra'ilawa sun fito daga bauta a Masar, Allah yana ciyar da su da manna kowace safiya a jeji. A Littafin Ƙidaya sura 11, sai suka fara tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar. Sun tuna daɗin miya, sun manta da tubali da bulalar shugabannin gandu. Ƙorafin ya bi zango tanti-tanti har Musa da kansa ya gaji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. A sura 14 kuwa, suna bakin shiga ƙasar alkawari suka ce a naɗa musu wani shugaba su koma Masar. Ƙarshenta suka yi shekara 40 suna yawo a jeji.

Wannan hali yana nan tare da mu. Mutum yana layin banɗaki da asuba a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, bokiti a hannu, yana kewar faɗin filin gidansu da tuwon acca ko na dawa. Ya manta cewa rashin aiki, ko rikici, ko fari ne ya koro shi. In ya je gida Kirsimeti kuma, kafin sati ya zagayo ya fara cewa ƙauye ba kuɗi, ba wuta. Mai gunaguni kullum inda ba ya nan ne ya fi masa daɗi. Sannan zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: haushin mai gidan haya da ɗan kwandasta, a kan mata da yara ake sauke shi da dare.

Amma kada a ɗauka cewa bangaskiya ta ce a haɗiye ciwo a yi shiru. Zabura cike take da kukan mutane zuwa ga Allah. Ayuba ya yi kuka, annabi Habakuk ya tambayi Allah dalilin da ya sa yake kallon zalunci. Ba a la'ance su ba, domin sun kai kukansu wurin mai iya share hawaye. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke jin Helenanci sun koka cewa ana tauye gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Da maganar ta kai ga manzanni, ba su tsawata musu ba, sai suka sa aka zaɓi mutum 7, ciki har da Istifanus, su kula da rabon. Bambancin ke nan. Kuka na gaskiya yakan nufi inda za a sami gyara, gunaguni kuwa zagaye yake yi a bayan ido, yana sace gwiwar mai yi da mai ji.

Manzo Bulus ya haɗa wadar zuci da neman haƙƙi. A Filibi, an yi masa bulala tare da Sila aka jefa su kurkuku, amma da tsakar dare addu'a da waƙar yabo suke yi. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, sai Bulus ya ƙi fita. Ya tuna musu cewa an doke su ba tare da shari'a ba alhali suna da 'yancin Romawa, har sai da mahukuntan suka zo da kansu suka ba da haƙuri. Daga baya, yana wani ɗaurin, ya rubuta wa Filibiyawa a sura 4 cewa koyon wadar zuci ya yi, a cikin ƙoshi da cikin yunwa, kuma Almasihu ne ƙarfinsa. Saboda haka mai gadin da aka riƙe wa albashin wata uku, in ya nemi haƙƙinsa, bai yi zunubi ba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ma mai danne ladan ma'aikaci ta la'anta.

Tun da wadar zuci abar koyo ce, akwai hanyar koyonta. Farko, a yi godiya mai kama suna. "Mun gode Allah" ta fatar baki daban take da mutum ya zauna da iyalinsa ya lissafa: yau an ci, yaro ya warke, an dawo daga kasuwar Mile 12 lafiya. Na biyu, a daina awon rai da hotunan Facebook da TikTok. Da yawa sukan ci bashi a Disamba don su isa ƙauye da sabon ɗinki da babbar waya, su dawo Janairu suna wasan ɓuya da masu bin su. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Na uku, a yi hattara da wa'azin da ke auna bangaskiya da mota da gida. Irinsa ya yi yawa a Legas, kuma yakan sa talaka ya ɗauka Allah ya juya masa baya, alhali Bulus da kansa da ɗinkin tanti ya ci abinci. Na huɗu, a raba nauyi. Adashi, da ziyarar Zumuntar Mata ta coci, da ɗan baikon taimakon wanda aka kora daga ɗaki, sun fi dogon ƙorafi amfani.

'Yan'uwa, wahalar Legas gaskiya ce, ba wanda ya ce a yi mata ado. Abin da yake na addu'a a kai shi gaban Ubangiji, abin da yake na hukuma a kai shi gaban hukuma, abin da yake na ƙwazo a tashi a nema. Abin da ya riga ya shigo hannu kuwa, komai ƙanƙantarsa, a ci shi da godiya, domin yaranmu suna jin abin da muke faɗa, kuma da shi za su tashi.