Masu Renon Dashe a Bakin Kanal

Duk kwandon tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, daga wani ɗan kwami ya faro, wanda faɗinsa bai wuce tabarma ba. A Kura, Bunkure da Kadawa akwai mutanen da aikinsu ke nan: su reni iri har ya isa dashe, su sayar wa manoman da ba su da lokaci, ko waɗanda nasu ya lalace. Ruwan da suke aiki da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da rabonsa ta kanal-kanal.

Aikin yana kankama ne idan damina ta ja baya. Mai reno zai zaɓi wuri mai ɗan tudu kusa da ruwa, ya kafce shi, ya farfasa hoge har ƙasa ta yi laushi, ya cuɗa ta da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona iri yake yi. Sai ya yayyafa irin, ya rufe da ƙasa kaɗan, ya shimfiɗa bambaron shinkafa a kai. Da tsiro ya leƙo, dole a ɗauke bambaron, in ba haka ba ya yi tsawo ya rame. Tumatir yakan isa dashe cikin sati 3 zuwa 4, albasa kuwa sai ta kai sati 6 ko fiye.

Gwanintar tana wajen ban ruwa. Baƙo zai ɗauka mai zama a bakin kanal ba shi da matsalar ruwa, alhali yawansa ne ya fi kashe dashe. Idan kwami ya jiƙe sharkaf, gindin tsiron yakan ruɓe, a wayi gari layi guda ya kwanta. Shi ya sa gwani ke tura yatsa cikin ƙasa kafin ya ɗauki bokiti, kuma idan ranar cira ta matso yakan rage ruwa don dashen ya yi ƙwari, ya jure ranar gona.

Wannan ilimi shi ne dai masu sayar da fulawa a gefen titunan Kano suke ci da shi, musamman kan wata 'yar fulawa mai yaɗo da ake kira fotulaka. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Brazil da Ajantina, kuma 'yar'uwar babba-jibji ce, ciyawar nan da manomin lambu ke tsugunawa yana cirewa kullum. Ganyenta sirara ne masu ruwa a ciki, furenta ja, rawaya, fari ko ruwan hoda. Yakan buɗe da hantsi, ya rufe da yamma, ranar hadari kuma ba ya buɗewa sosai. Renonta ba wuya: a tsinko reshe tsawon yatsa, a soke shi a leda mai yashi da ɗan taki, cikin kwanaki ya yi saiwa. Tana son rana tsagwaronta, ba ta son inuwa, ba ta son laka. Matan gida da yawa kan kashe ta da kirki, suna zuba mata ruwa safe da yamma, sannan su ce mai fulawa ya cuce su.

A renon dashen lambu kuwa, kuɗin da ke fita ba kaɗan ba ne. Irin zamani na gwangwani yana da tsada, ga taki, ga magani, ga kuɗin ruwa, ga fetur idan kanal ya ƙafe aka koma injin ban ruwa. Ciniki kuma kwami-kwami ake yi, ko dami-dami, sau da yawa bashi sai an ɗebi amfani. Dashe ba ya jiran mai saye. In ya wuce lokacinsa ya tsufa a kwami, ko kyauta ba mai so. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, masu reno sun sha asara tare da manoma, don wanda bai girba ba ba ya biyan bashi.

A ganina, matasan Kura da Bunkure da suka iya renon tumatir suna barin kuɗi a ƙasa. Fotulaka ba ta buƙatar sayen iri kowace shekara, tana rayuwa a watannin zafi lokacin da kasuwar dashen tumatir ta mutu, kuma birni bai kai tafiyar awa guda ba. Mai kwami goma ya ware guda ɗaya ya gwada.